Warkarwar Allah da Ciwon da Ya Ƙi Tafiya a Koyarwar Kirista

Warkarwa ta ikon Allah koyarwa ce ta Kirista da ke cewa Allah yana iya ɗauke cuta daga jikin mutum, kuma yana ɗaukewa, wani lokaci ta hannun likita da magani, wani lokaci ba tare da wata hanyar da ido ke gani ba. Da wuya a sami ɗariƙar Kirista da ta musanta wannan. Saɓanin yana tasowa ne a tambayoyin da ke biye da shi: ko warkarwa alkawari ce ga kowane mai bi a kowane lokaci, ko shan magani alamar raunin bangaskiya ne, da kuma abin da za a ce game da mutumin da aka shekara ana yi masa addu'a bai tashi ba. Tambaya ta ƙarshe ita ce mafi nauyi, domin a kanta ne maganar warkarwa take haɗuwa da abin da masu wa'azi ke kira duban rayuwa yadda Allah yake dubanta.

A Tsohon Alkawari, Allah ne mai ba da lafiya kuma shi ne mai riƙe da ita. A Fitowa sura 15, bayan Isra'ilawa sun tarar da ruwa mai ɗaci a Mara, Allah ya bayyana musu kansa a matsayin mai warkar da su. Amma labaran da suka biyo baya ba su tafi a layi ɗaya ba. Na'aman, shugaban sojojin Suriya, ya warke daga cutar fata bayan ya yi wanka sau bakwai a Kogin Urdun bisa umarnin annabi Elisha. Shi kuwa Elisha, wanda aka ta da ɗan wata mace daga mutuwa ta hannunsa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya yi ajalinsa, kamar yadda 2 Sarakuna sura 13 ta faɗa, kuma ba a ɗora masa laifin komai ba. Sarki Hezekiya ya yi kuka, ya juya fuskarsa ga bango ya yi addu'a, aka ƙara masa shekara 15, amma duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun. Addu'a da magani sun zauna a ɗaki ɗaya a wannan labari, babu wanda ya kori wani.

Littafin Ayuba ne ya fi kowane tsayawa a kan wannan batu. Abokansa uku sun zo dubiya, suka zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba, kuma wannan shirun shi ne mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki sai suka kawo lissafin da mutane da yawa ke yi har yau: wahala sakamakon zunubi ce, saboda haka wanda ke shan wahala mai yawa ya ɓoye zunubi mai yawa. A ƙarshen littafin Allah ya tsauta musu don ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Abin lura shi ne, ba a taɓa gaya wa Ayuba dalilin ciwonsa ba. Mai karatu ya san abin da ya gudana a farkon littafin, shi Ayuba bai sani ba. Abin da aka ba shi shi ne zagayen halitta da baki: harsashin duniya, taurari, ma'ajiyar ƙanƙara, jimina da dokin yaƙi. Aka nuna masa faɗin abin da Allah ke riƙe da shi, ya gane cewa ganinsa ɗan yanki ne kawai.

A Linjila warkarwa ta cika ko'ina. Markus, wadda ita ce mafi gajarta cikin littattafan huɗu, ta jera su kusan daga sura ta farko: surukar Bitrus da zazzaɓi, kuturu, shanyayyen da abokansa huɗu suka zuraro ta rufin ɗaki, mai shanyayyen hannu, macen da ta shekara 12 tana zubar jini har ta ƙarar da abin hannunta wajen masu magani. Yadda Yesu ya yi waɗannan ayyuka yana da muhimmanci kamar ayyukan kansu. Kuturun nan da dokar Littafin Firistoci ta sa ya zauna bayan gari, Yesu ya miƙa hannu ya taɓa shi, alhali yana iya warkar da shi da magana kawai, sa'an nan ya tura shi wurin firist don a tabbatar da tsarkinsa a mai da shi cikin jama'a. Shanyayyen kuwa, gafarar zunubi aka fara yi masa kafin a ce ya tashi ya ɗauki shimfiɗarsa. Kalmar Helenanci da aka yi amfani da ita a wurare da dama, wato sozo, tana ɗauke da ma'anar ceto da ma'anar warkewa gaba ɗaya. Mai jin Hausa ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba, domin kalmar lafiya ma haka take: ana tambayar lafiyar jiki, da lafiyar gida, da lafiyar gari, ana kuma roƙon a zauna lafiya a rabu lafiya. Warkarwar da Linjila ke nunawa irin wannan lafiyar ce, wadda ta haɗa jiki da zuciya da komawar mutum cikin danginsa.

Linjilar Yahaya tana kiran mu'ujizan Yesu alamu, kuma alama tana nuna wani abu ne da ya wuce ta. A sura 5, a bakin tafkin da ke Urushalima inda marasa lafiya da yawa ke kwance a shirayi biyar, mutum ɗaya aka ambata ya warke, wanda ya shekara 38 yana fama. A sura 9 almajiran suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa. Yesu ya ƙi duka biyun, ya juya tambayar daga neman mai laifi zuwa ga abin da Allah zai yi a rayuwar mutumin. A nan ne tushen abin da ake nufi da duban rayuwa ta fuskar Allah. Almajirai sun dubi baya suna neman sanadi, Yesu ya dubi gaba. Sun ɗauki makahon a matsayin matsalar da za a yi muhawara a kanta, shi kuwa ya tsaya ya kwaɓa ƙasa ya shafa masa a ido.

Wasiƙun manzanni sun ci gaba da koyar da warkarwa. Bulus ya lissafa ta cikin baye-bayen Ruhu Mai Tsarki a 1 Korintiyawa sura 12, Yakubu kuma a sura 5 ya umarci mara lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai da sunan Ubangiji. Sai dai waɗannan wasiƙun ba su ɓoye ciwon da bai tafi ba. Bulus ya ambaci cewa ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya. Ya shawarci Timoti ya nemi abin da zai taimaki cikinsa saboda yawan laulayinsa. Abafaroditas ya yi ciwo har ya kusa mutuwa, kuma Bulus ya kira tashinsa jinƙan Allah, bai kira shi hakkin da aka karɓo ba. Luka abokin tafiyar Bulus likita ne. Shi kansa Bulus yana da abin da ya kira ƙaya a jiki, ya roƙi Ubangiji sau uku a ɗauke masa, aka amsa masa da cewa alherin da aka ba shi ya wadatar, kuma a cikin rauni ne ikon Allah yake cika. Malamai sun daɗe suna hasashen mece ce ƙayar, wasu suna cewa ciwon ido, wasu suna cewa tsanani daga maƙiya. Nassin bai fayyace ba, wataƙila shi ya sa kowane mai ciwo ke iya ganin kansa a ciki. Ƙololuwar wannan koyarwa tana lambun Getsamani, inda Yesu ya roƙi a kawar masa da ƙoƙon wahala, ya kuma miƙa kansa ga nufin Uba, aka bar ƙoƙon a hannunsa. Ba mai iya cewa bangaskiya ce ta gaza a wannan addu'a.

Ikilisiyar farko ta riƙe addu'a da jinya tare. A wajen shekara ta 370 Basil, bishop na Kaisariya a ƙasar Kafadokiya, ya gina wani babban gida a bayan gari don matalauta da marasa lafiya da kutare, wanda masana tarihi ke lissafawa cikin asibitoci na farko. Agustin na Hippo, a Afirka ta Arewa, ya fara da ra'ayin cewa zamanin mu'ujizai irin na manzanni ya wuce, amma a ƙarshen rayuwarsa ya rubuta labaran warkarwa da ya ce sun faru a yankinsa, a littafi na 22 na babban aikinsa a kan Birnin Allah. Cocin Katolika ta mai da shafa mai ɗaya daga cikin sakramenta bakwai. Da daɗewa an fi yin sa ga wanda ke bakin mutuwa, sai Majalisar Vatican ta Biyu a shekarun 1960 ta sake jaddada cewa na duk mai ciwo mai tsanani ne. A Lourdes ta ƙasar Faransa, inda miliyoyin mutane ke zuwa neman waraka tun bayan 1858, akwai ofishin likitoci da ke bincikar duk wanda ya ce ya warke, kuma cikin dubban da suka gabatar da kansu, kimanin 70 kacal cocin ta amince da su a matsayin mu'ujiza. Masu gyaran ikilisiya na ƙarni na 16, musamman John Calvin, sun koyar da cewa baiwar warkarwa ta musamman ta kasance don tabbatar da bishara a farkonta, ko da yake Allah bai daina jin addu'ar mara lafiya ba.

A ƙarshen ƙarni na 19 wata sabuwar koyarwa ta yi ƙarfi a Amurka da Turai. A. J. Gordon da A. B. Simpson sun karanta Ishaya sura 53 tare da Matiyu sura 8, suka ce Almasihu ya ɗauki cututtuka a kan gicciye kamar yadda ya ɗauki zunubai, saboda haka mai bi yana iya karɓar lafiya ta bangaskiya kamar yadda yake karɓar gafara. Wasu mabiyan wannan koyarwa suka kai ta har ga ƙin magani, kuma a Afirka ta Yamma aka ga sakamakon. A 1890 wasu matasa 'yan mishan daga Amurka suka sauka Saliyo suka ƙi shan kwini, zazzaɓi ya kashe wasu daga cikinsu cikin ɗan lokaci.

Wannan muhawara ta shafi tarihin bishara a ƙasar Hausa kai tsaye. A 1893 Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham suka iso Legas da niyyar shiga ƙasar da Turawa ke kira Sudan a lokacin. Cikin shekara guda Gowans da Kent sun rasu, Bingham ya koma gida da ciwo. Ƙungiyar da ta fito daga wannan yunƙuri, wato SIM, ba ta kafu ba sai a yunƙuri na uku, aka buɗe tasha a Patigi a 1902. A wannan shekarar ne Andrew Stirrett, mai sayar da magani daga Toronto wanda ya karanci likitanci, ya zo. Ya nace wa abokan aikinsa su riƙa shan kwini kullum, Hausawa suka sa masa suna Bature mai magani, kuma yana cikin waɗanda suka yi aikin fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932. Bingham, wanda ya san koyarwar Simpson tun yana saurayi kuma ya rasa abokansa biyu, ya wallafa littafi a 1921 a kan Littafi Mai Tsarki da jikin mutum, inda ya yarda Allah yana warkarwa amma ya ƙi ra'ayin cewa an lamunce wa kowa waraka a wannan duniya. A kudu kuwa, farkawar da Joseph Ayo Babalola ya jagoranta a Ilesha a 1930 ta ja dubban mutane da addu'a da ruwan da aka tsarkake, kuma batun shan kwini na cikin abubuwan da suka raba mabiyansa da 'yan mishan na Ingila a wajen 1940, rabuwar da ta haifar da cocin da ake kira CAC.

Hanyar da akasarin ikilisiyoyin Arewa suka gada ita ce ta addu'a a bakin gadon asibiti. An buɗe asibitin Vom a 1922, akwai na Wusasa kusa da Zariya, an buɗe na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950. Aikin da ya fi kama da na Linjila shi ne na kutare. 'Yan mishan na Brethren sun kafa mazaunin kutare a Garkida a 1929, a ƙarshen shekarun 1930 kuma SIM ta karɓi kula da na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato: Yadakunya, da Babbar Ruga, da Amanawa. A lokacin maganin da ake da shi allurar wani mai ne daga Indiya, mai zafi, wanda amfaninsa kaɗan ne. Sai a ƙarshen shekarun 1940 aka sami dapsone, a 1981 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna da yawa, wanda shi ne ya mai da kuturta cutar da ake warkewa cikin watanni. Ma'ana, shekaru da dama masu jinya suna wanke gyambo suna ɗaure yatsun da suka san ba za su dawo ba. Sunan Yadakunya kansa ya faɗi abin da ake iya yi wa mutum ko da cutarsa ba ta tafi ba: a cire masa kunya, a kira shi da sunansa, a ci abinci kusa da shi.

Duban rayuwa ta fuskar Allah, kamar yadda malaman Kirista ke bayyana shi, ba ya nufin mutum ya san abin da Allah ya sani. Wanda ya tsaya a kan mara lafiya ya ce ya san dalilin ciwonsa ya koma sahun abokan Ayuba. Abin da ake nufi shi ne mutum ya karɓi ma'aunin Allah a kan abubuwan da aka bayyana. Darajar mutum ba ta raguwa don jikinsa ya raunana, domin an halicce shi cikin kamannin Allah. Lokacin Allah ya fi na mutum tsawo. Yusufu ya shafe shekaru cikin bauta da kurkuku a Masar kafin ya iya gaya wa 'yan'uwansa cewa muguntar da suka nufa Allah ya juya ta ta zama hanyar ceton rayuka, kuma a ƙarshe ne ya faɗi haka, ba a cikin rijiyar da suka jefa shi ba. Marubucin Zabura ta 73 ya kusa tuntuɓe da ya ga mugaye suna ƙiba cikin ƙoshin lafiya shi kuwa yana shan azaba kowace safiya, bai sami natsuwa ba sai da ya shiga wuri mai tsarki. Halin da yake ciki bai sake ba a lokacin, wurin da yake tsaye yana kallo ne ya sake.

Akwai kuskure biyu da wannan fahimta ke tsarewa. Na farko shi ne mai da addu'a ciniki, inda ake gaya wa mara lafiya cewa in ya ba da kuɗi kaza ko ya furta kalmomi kaza dole ya warke, in bai warke ba kuma laifin bangaskiyarsa ne. Wannan yana ɗora wa mai ciwo kaya biyu, ciwon da zargin kai, kuma ya sha sa masu hawan jini da ciwon sukari da masu shan maganin ƙanjamau su ajiye magani don nuna sun gaskata, abin da kan ƙare da hasarar rai. Na biyu shi ne saduda, mutum ya ce tunda Allah ya san komai babu amfanin roƙo. Nassi bai koyar da haka ba. Makaho Bartimawas ya yi ta ihu a bakin hanyar Yariko ana kwaɓarsa bai yi shiru ba, Zabura kuma cike take da kuka da tambayar har yaushe. Roƙo da dukan zuciya da miƙa wuya ga nufin Allah suna tafiya tare, kamar yadda suka tafi a Getsamani.

Rayuwar wasu sanannun masu bi ta zama misali a wannan fanni. Amy Carmichael, 'yar mishan daga Ailan da ta yi aikin ceton yara a Dohnavur ta kudancin Indiya, ta faɗi ta ji rauni a 1931, ta yi kusan shekara 20 galibi a kwance har rasuwarta a 1951, kuma daga wannan ɗaki ta rubuta littattafai da dama. Joni Eareckson Tada ta karye a wuya wajen tsunduma cikin ruwa a 1967 tana 'yar shekara 17, ta halarci tarurrukan neman waraka ba ta tashi ba, daga baya ta kafa ƙungiyar da ke kai kekunan guragu ƙasashe da yawa. Ba a kawo su don a ce ciwo abu ne mai kyau ba. Koyarwar Kirista tana ɗaukar cuta da mutuwa a matsayin abokan gaba da za a kawar. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru alhali ya san zai ta da shi. Kuma Li'azarun da aka tayar ya sake mutuwa daga baya, kamar duk waɗanda aka warkar a Galili. Wannan ne ya sa masana tauhidi ke cewa kowace warkarwa ta yanzu ɗanɗano ce, cikakkiyar kuwa tana jiran tashin matattu, abin da Romawa sura 8 ke kira fansar jiki, wanda Wahayin Yahaya sura 21 ta kwatanta da duniyar da babu mutuwa ko kuka ko azaba a cikinta.

A aikace, ana ganin wannan koyarwa a yadda ikilisiyoyi masu amfani da Hausa, irin su ECWA da COCIN da EYN da HEKAN, ke kula da marasa lafiya. A sujadar Lahadi ana karanta sunayen waɗanda ke kwance a yi musu addu'a, wanda ya tashi kuma yakan zo gaba ya ba da shaida da baikon godiya, sau da yawa yana ambaton likitan da ya yi masa aiki a cikin godiyarsa ga Allah. A cikin mako zumuntar mata kan je dubiya da kunu ko fate a kwano, da ɗan abin da aka tara don kuɗin magani. Ana gaisuwa a tambayi jiki, mai jinya ya ce da sauƙi ko da daren bai yi daɗi ba, a yi waƙa ɗaya da murya ƙasa-ƙasa saboda sauran majinyata, fasto ko dattijo ya ɗora hannu ya roƙi waraka a fili ba tare da kwana-kwana ba. In ciwon ya daɗe, roƙon yakan ƙaru da neman ƙarfi ga mai ciwon da haƙuri ga masu jinyarsa, a kuma raba kwanan asibiti tsakanin 'yan'uwa don matar gida ko uwar yaro ta samu ta runtsa. In likita ya ce abin ya fi ƙarfin magani, ana kai wa mara lafiya Jibin Ubangiji har gadonsa, a karanta masa Zabura ta 23 ko sura 14 ta Yahaya, dattawa su zauna tare da iyalin har abin da Allah ya yi.